Na Bar Taba Don Buzun Baba

Ubana dillalin shanu ne a karar Sakkwato, kuma a duk abin da ya mallaka babu wanda raina ke so kamar wani tsohon buzu da yake zama a kai cikin rumfarsa. Fatar rago ce kawai, gashin tsakiyarta ma duk ya zube saboda zama. Amma wanda ke kan buzun nan shi Fulani ke miƙa wa igiyar shanunsu, shi mahauta ke durƙusa wa, shi ke cewa albarka ko an sallama. Kakana ya zauna a kai, Baba ya zauna, ni kuma ɗan fari ne. Tun ina yaro na ɗauka nawa ne, jira kawai nake yi.

Da yake ni ne na fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba. Kunya ce ta al'ada, kowa ya sani, amma shi har ya wuce gona da iri. In da ni yake magana sai ya ce "kai", in da wani yake maganata sai ya ce "wancan". Ƙanena kuwa, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, sunansa har lanƙwasa shi yake yi a baki.

Taba sigari na koye ta wajen tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙin Bama, masu zaman tashar mota. A Sakkwato ta wancan zamani ɗan mutunci ba ya shan taba a fili, don haka bayan ganuwa nake laɓewa, can wajen Ƙofar Marke, in na gama in tauna kanumfari da goro. Na yi aure ina sha, aka yi mini haihuwa ina sha. Tari ya zame mini kamar sallama, kafin in shiga gida matata ta san na iso.

Ranar da asirina ya tonu, wani jan bijimi ne ya tsinke igiya a tsakiyar kara. Kowa ya bi shi, ni ma na tattare riga na bi. Wallahi ban yi nisa ba ƙirjina ya kulle. Na zube kan gwiwa cikin kashin shanu ina tari kamar raina zai fita, gwangwanin tabar ya faɗo daga aljihu ya buɗe, karare suka watse. Wani tsohon Bafillace da ya girmi Baba ya wuce ni da sassarfa, ya kama san, ya dawo ko haki ba ya yi. Ya tsince tabar tsaf, bai ba ni ba, ya kai wa Baba. Aka yi dariya har masu sayar da fura.

Baba ya karɓi tabar ya ci gaba da cinikinsa. Sai bayan la'asar, da zaure ya cika da abokansa, ya sa aka kira ni. Na durƙusa. Bai kalle ni ba, bango ya kalla.

"Kai, mai tari ba shi zama bisa buzun ga. Ka bar abin ga, ka yi ƙarfi, sannan mu gani."

Wannan "mu gani" ita na riƙe, na ɗauke ta alkawari.

Washegari ya karɓe kekena ya ba ƙanena. Yana da shanun da yake ajiyewa a rugar wani amininsa a Wamakko, akwai 'yan ƙwadago masu koro su zuwa kara. Ya sallame su duka, ya ce ni zan riƙa zuwa, a ƙasa. Bai tsaya nan ba. Kullum da yamma sai in durƙusa a zaure gaban baƙi, ƙanena ya zo ya shanshana bakina da yatsuna, ya gaya wa Baba ko akwai ko babu. Ƙanen nan fa da shi muke raba karan taba ɗaya a bayan ganuwa. Zai sunkuyo kaina yana ƙamshin kanumfari, ni na san abin da kanumfarin ya rufe. Ban tona shi ba. Babba ba ya kai ƙarar ƙaninsa, kuma ina ganin na fi ƙarfin haka.

Duk wanda ya ce maka barin taba sa kai ne kawai, ƙarya yake yi, bai taɓa sha ba. Bakina ya riƙa tara yawu, hannuna ya riƙa zuwa aljihu da kansa, kaina kamar an ɗaure da tsumma. Na yi faɗa da matata a kan gishirin miya, na yi faɗa da mai ruwa, har jakin maƙwabci na taɓa zagi ta uwa ta uba. Na ci goro har muƙamuƙina ya yi tsami, na koma asuwaki, na koma takanɗa. Ga hanyar Wamakko, rairayi ne mai haɗiye ƙafa. Da farko in na fita bayan asuba, sai rana ta take nake isa. Matan ruga su leƙo suna ƙunshe dariya, wata ta miƙo mini nono don tausayi, tausayin ya fi dariyar ciwo. Tafin ƙafata ya yi bororo ya fashe. In na tsaya tari, abin da nake tofarwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Sau ɗaya na karya. Wani yaron mota ne ya kunna a bakin kasuwar Wamakko, iska ta kawo mini, ban san lokacin da na roƙe shi guntu ba. Ni, ɗan dillali, ina roƙon yaron mota. Da yamma ƙanena ya sunkuyo ya shanshana. Muka haɗa ido, na roƙe shi da ido iya roƙo. Ya miƙe ya ce wa Baba akwai.

Da safe Baba da kansa ya zo Wamakko, ƙanena ya goyo shi a kekena. Ya shiga garke ya zaɓi wani ɗan bijimi da ba a taɓa sa wa igiya ba, ya sa aka ɗaura masa a ƙafar baya, aka miƙo mini bakin igiyar. Sannan ya ce wa ƙanena ya gaya wa wancan, in ya saki san nan kada ya kwana gidansa. Ya ɗaga sanda ya zabga wa san a gadon baya.

Na naɗe igiyar a wuyan hannu. San ya fizge ni na kifa, ya ja ni cikin gonaki, cikin ƙarangiya da kututturen dawa. In tashi, ya sake kayar da ni. Rigata ta tafi, fatar gwiwa da ta ciki suka bi ta. Su kuma suna biye a keke a hankali kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ban saki ba. Na shigo da shi kara jina-jina, mutane suna darewa. Inna ta ga halin da nake ciki ta juya baya, don ita ma ba ta da bakin magana a kan ɗan fari. Man shanu kawai ta aiko wa matata a ƙoƙo, ta ce a shafa wa mai ciwo. Tabon igiyar yana nan a hannuna.

Daga ranar ban ƙara sa taba a bakina ba. Kada wani ya ce tsoro ne. Haushi ne zalla. Na rantse sai na ga ranar da dattijon nan zai tashi daga buzunsa ya ba ni da hannunsa.

Da raunukan suka warke sai na fara gudu. Ba wanda ya sa ni. In tuɓe riga in ɗaura a ƙugu, in fita da gajeren wando. To a Sakkwato magidanci ba ya gudu, sai ɓarawo ko mahaukaci ko wanda kare ya biyo. Masu dawowa daga masallaci su tsaya suna tambayar ko lafiya. Wata safiya wani ya fito mini da taɓarya yana ihun ɓarawo, sai da ya gane ni ya yi ta salati. Surukaina suka aiko a ɓoye su ji ko iska ce ta taɓa ni. Yara suka yi mini waƙa. Ko a jikina.

A hankali tarin ya ja baya, ya ɓace. Ɗan tumbin da na fara ajiyewa ya narke. Hancina ya buɗe, a lokacin na san ashe kara wari take yi haka, ashe kuma furar Inna da citta take. Na koma ina zuwa Wamakko in dawo da shanu tun hantsi bai dubi ludayi ba. In sa ya tsinke a kasuwa, ba a neman kowa sai ni, in kama shi a ƙaho in murɗe in kai shi ƙasa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin jikina a shekarun nan, daɗin da ban taɓa ji ba. In na ja iska sai in ji ta har cikin cibiya.

Baba ya fara maganata gaban baƙi. Yakan ce wancan ya fi doki, wancan ba ya gajiya. Aka daina shanshana mini baki. Ya ƙara mini hanya, yau Kware, gobe Gwadabawa, wani makon har Illela. Ni kuma sakarai, sai na ɗauka girma ake ƙara mini. In na ji ya ce wancan ya fi doki, har murmushi nake yi in na juya baya.

Ina can kan hanya, rumfa ba ta zama babu mai taya Baba, don haka ƙanena ke zama a gefen buzun. Ya koyi gaisuwar Fillanci, ya san wane mahauci ne mai cika magana. Ya yi kumatu, ya yi tumbi, rigarsa fara fat. Ni kuwa na yi baƙi na bushe, dugadugaina suka tsattsage. Wata rana na shigo rumfar da ƙura har gira, wani baƙon Bafillace ya miƙo mini igiyar shanunsa ya ce in riƙe, in kuma kira masa ɗan maigida. Abin ya soke ni ƙwarai. Na riƙe igiyar, na ce a raina baƙo ne, bai sani ba.

Haka muka kai shekarar da Turawa za su miƙa mulki. Ko'ina zancen ke nan, a rediyo, a zaure, a bakin masallaci. Fataken Kurmi suka aiko suna neman shanu don shagalin da za a yi. Baba ya tara garken da bai taɓa tara irinsa ba, za a kora a ƙasa har Badun, can ƙasar Yarbawa. Tsohon da ya saba ja masa gaba kuwa gwiwa ta ci shi.

Ana tsakiyar damina, wata yamma ya kira mu ni da ƙanena. Zaure cike da abokansa. Da na shiga na ga an kawo buzun daga kara, yana zaune a kai. Na ce a raina yau ranar ta zo. Na durƙusa. Baba ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki buzun ya kakkaɓe, ya shimfiɗa gaban ƙanena, ya kira sunansa ya ce ya zamna. Sannan ya jawo sanda da gorar ruwa da takalman fata daga bayansa, ya turo mini da ƙafa. Ya ce jibi za mu tashi, ni zan ja gaba.

Ban taɓa kallon idon ubana ba sai ran nan. Na tuna masa maganarsa, na ce ya ce in bari in yi ƙarfi, na bari na yi.

"Na ce mu gani, kuma na gani. Ƙafa gare ka. Wa zai aje ƙafa irin wagga cikin rumfa ta lalace?"

Wasu suka gyaɗa kai, wani har ya ce gaskiya ne. A nan na yi abin da na daɗe ina ƙin yi. Na nuna ƙanena da yatsa.

"Baba, shi ma shina shan taba. Har yau shina sha."

Ƙanena ya sunkuyar da kai. Baba ko gezau. Ya ɓare goro ya jefa a baki, ya tauna, sannan ya amsa.

"Na sani, tun kahin in san taka. Mai zama mi zai yi da numfashi?"

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Na kwashi sandar da gorar da takalman na fita, ban yi sallama ba. Na tsani ubana a wannan yamma, tsana ta gaske, kuma jibin na tashi da shanunsa.

Ranar da aka karɓi mulkin ina can wani daji a ƙasar Yarbawa, cikin taɓo har ƙugu, ina jan wata saniya da ta kafe. Wani direba ne ya tsaya ya gaya mana an ba mu ƙasarmu. Na ce masa madalla, ya zo ya kama mini igiya. Na kai shanun Badun ba tare da na yi tari ko sau ɗaya ba.

Da na dawo Sakkwato na wuce kara kai tsaye don in ba da bayanin hanya. Baba ba ya nan, an ce yanzu ba ya fitowa sai ran Juma'a. Ƙanena ne a kan buzun, ya ƙara ƙiba, mahauta sun kewaye shi. Na cire takalmi a bakin rumfa, na shiga na durƙusa a gabansa. Ya yi ɗan tari a cikin hannun riga, ya dube ni ya ce sannu da hanya, in ɗan jira a waje, yana da baƙi.