Giyar Firmin da Hanyar Duwatsu

Shekara talatin da huɗu Firmin ya yi yana wanke gilasan tagogin ƙauyenmu, bai taɓa aure ba. Ni ce maƙwabciyarsa mai soya dankali a bakin titi, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Da ya yi ritaya ya ajiye tsani sai ya faɗa dafa farar giyar alkama irin tamu ta nan yankin Flanders a ɗakin wankinsa, ya hana kowa sakat da neman ɓawon lemon da ake sa wa giyar don ƙanshi. In ya ga lemo a hannunka zai tsaya a kanka har ka ɓare, ya karɓe ɓawon, ya je ya shanya a taga.

Wannan giya so ake ta fito fara fat kamar farau-farau. Tasa kuwa a gidansa garau take fitowa, salam, ba ƙanshi, ga shi yana tsiyaya ta a hankali kamar mai ba jinjiri magani.

Wata Lahadi ya ɗaura kwalabe shida a bayan keke ya kai wa Godelieve, wadda mijinta ya rasu, can kan tudu inda tsohuwar hanyar duwatsu ta ƙare. Tana zubawa giya ta yi fari, kumfa ya taso, ƙanshin lemo ya cika kicin. Firmin ya gangaro yana ta kaɗa ƙararrawar keke, baki har kunne, ya ce min hannun matar nan akwai albarka.

Na ce, "Albarka ko, maƙwabci? Ita ce ta sa ka aske gemu?"

Daga nan kowace Lahadi sai ya hau tudu, wai gwaji yake yi. Ya aro kofinta ya gwada a gida, bai yi ba. Ya aro mabuɗin kwalbarta, har da mayafin teburinta, duk a banza. Ban taɓa ganin wanda gwaji ke ƙi masa yana ta murna ba sai shi. Shekara biyu cur ana haka, kowa a ƙauye ya gane ba giya ke kai shi ba, amma ba wanda ya tanka.

Sai Octaaf mai kantin magani, mutumin da in bai nuna ya sani ba cikinsa kumbura yake. A gaban rumfata ya dubi Firmin ya ce, "Kai dattijo, wace albarka? Duwatsun hanya ne ke jijjiga maka kwalba, yis ɗin da ya kwanta a ƙasa ya tashi. Girgiza ta a gida ka huta da hawan tudu."

Wallahi saura kaɗan in watsa masa mai. Firmin ya koma gida ya girgiza kwalba ɗaya, giyar ta fito fara fat, daɗi kamar me. Ya zauna ya zuba mata ido, duk ya yi sanyi, ya ba ni tausayi ƙwarai. Yanzu ba shi da hujjar zuwa, shi kuma ba mutumin da zai ƙwanƙwasa ƙofar mace haka kawai ba ne. Lahadi biyu kekensa na jingine.

A ta uku na ga ya fito cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, a ƙasa, hannu rabbana. Na kashe wuta na bi shi, kunya ba ta taɓa hana ni jin labari ba. Sau uku yana juyowa zai koma, ina daga bayan shinge ina masa alamar duka da ludayi.

Godelieve ta buɗe ƙofa ta dubi hannuwansa. "Ina giyar?"

"Ban kawo ba. Ashe duwatsu ne, ba hannunki ba."

"Firmin, babana shekara arba'in ya yi yana aiki a gidan dafa giya. Tun kwalbar farko na sani."

Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa masa. Ta ce da ta faɗa, da wa zai riƙa hawo mata tudu? Sannan ta kama hannun kwat ɗinsa.

"Shigo kafin miya ta huce. Lahadi biyu ina dafa ta mutum biyu ina ci ni kaɗai."