Mai Tonon Ruɓaɓɓiyar Albasa

A kasuwar albasa ta Wurno kowa tsala-tsala yake nema, ban da wata mata mai shuɗin hijabi. Tana tsugune gaban tarin da aka ware na zubarwa, tana juya ruɓaɓɓu ɗaya bayan ɗaya. Za ta haura shekara arba'in. Hannunta na mai riƙon biro ne, amma yadda take kware ɓawo da farce ɗaya, sai wadda ta tashi gidan manoma.

Ta zaro ɗan gilashin ƙara girma daga jaka, ta kara a ido, ta duƙa kan wata ruɓaɓɓiya.

Dattijon mai albasar ya kasa haƙuri. "Ɗiyata, mi kika biɗa cikin ruɓa?"

"Baba, fumfunar ga nika kallo. Zare-zare ta, kuma kowane zare ta tsininshi ɗai shika tsawo, shi nutsa cikin albasa. Akwai sinadaran furotin da ka nuna mai hanya. In mun gane su mun rikita su, ba shi sanin inda za shi huda."

"Allah shi ba ku sa'a. Rudun ajiya biyu tac cinye mani bana."

Ban sani ba ko daga jami'a take, ko kuwa mahaifinta ma ya taɓa buɗe rudu ya tarar da baƙin ruwa. Ta dai miƙa wa tsohon gilashin. Ya runtse ido ɗaya ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Shekara hamsin muna faɗa da ita," in ji shi a hankali, "sai yau nig ga huskatta."