Ba a Share Bayan Matafiyi

Ni ba mai yawo ba ce. Ko a Maraɗi, in ba biki ko rasuwa ba, ba a ganin ƙafata a waje. Da na zo Riyad aiki ma ban sake hali ba. Gari ya kai gari, amma abin da na sani a cikinsa shi ne wani tsohon gida a unguwar Malaz, da tsohuwar da aka kawo ni in kula da ita. Karatu ban yi nisa ba, sai dai kunne, alhamdu lillahi. Ina kicin nake gane mai gas ne ya tsaya ko motar kafil ɗina ce, wato mai gidan da ya ɗauko ni aiki.

Kafil ɗin ɗan tsohuwar ne, shi ma gemu duk furfura, Larabci kaɗai yake ji. Ita kuwa iyayenta Hausawa ne da suka zo Hajji da ƙafa suka zauna, Hausarta na nan irin ta kakanni.

Ranar da na kama aiki na ɗauki tsintsiya na nufi wani ɗan ɗaki da ke bakin ƙofar gida. Yashi ya kwanta a ciki lumui kamar an shimfiɗa. Ga wata hula a ƙusa, ga fitilar hannu mai gilashi ja da kore.

"Ke 'yar nan! Ajiye tsintsiyar nan."

"Inna, yashi ne fa har idon sawu."

"A garinku ana share bayan matafiyi?"

Na ajiye. Mu ma in mutum ya fita tafiya ba ma share inda ya taka sai an ji ya sauka lafiya, kada a share shi daga gidan. Amma mu na ɗan lokaci ne.

Wajen tsintar shinkafa ta ba ni labarin, kaɗan kaɗan. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasan Dammam ne, tun Malaz na sabuwar unguwa, bayanta ba komai sai rairayi. Shi ke ɗaga fitila jirgi ya tashi. Ta taɓa hawa tana amarya, ta ce raƙuma tsayawa suke suna kallon taragu, kuma kowa ya sauka sai ya tofar da ƙasa. Wata safiya ya sa takalmi a ɗakin nan ya fita, tana da tsohon ciki. Iska ta taso a hanya, rairayi ya rufe dogo, jirgi ya tsaya, maza suka sauka da shebur. Da aka gama aka koma ciki, babu shi. Hula da fitila kawai abokan aikinsa suka kawo.

"Ba wanda ya ce mini ya sauka, ba wanda ya ga gawa. To in share?"

Kullum bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa daga titi, unguwa ta yi tsit, sai ta ɗaga yatsa.

"Ji can. Jirginsa ya shigo gari. Ɗora shayi, kofi biyu."

"Inna, angon nan naki ya cika jan aji."

"Ya fi naki, da ya bar ki kika zo wanke tukwanen Larabawa."

Mu yi dariya. Ta sha nata, ɗayan ya huce in zubar.

Dariyar ta ƙare ranar da ni ma na ji. Kuka ne mai tsawo daga can ƙasa, kamar na bijimi, sannan kofunan suka soma kaɗawa a kan faranti, kas kas kas. Na gaya wa kafil. Ya ce tasha na da nisa, ga benaye sun tare, sabon jirgin cikin gari ne nake ji. To shi wannan an taɓa sa ni a ciki za mu asibiti. Ba direba, ba kuka, sulalewa yake kamar maciji. Kunnena bai haɗa su ba.

Sai kafil ya ce za a tashi daga gidan, ya kama wani can wajen filin jirgin sama, masu sayen tsohon za su zo dubawa. Ya nuna ɗakin. "Khalas, magana ta ƙare, ki share."

Inna ta ji. Daga ranar ta ƙi abinci, ko ruwa sai da lallashi. Ta ce in aka share ba inda zai dawo. Ni kuma yau in ce bayana na ciwo, gobe in ce tsintsiya ta karye. Tana ramewa a gabana, shi yana ƙara matsa mini.

Rannan ƙura ta taso tun hantsi, sama ta yi ja. Bayan azahar muka ji shi, kusa sosai, har cikin haƙorana. Kofuna suka kaɗa, suka tsaya. Sai wani abu da ban taɓa ji ba: ana buga takalmi a dokin ƙofa, kamar mai kakkaɓe ƙasa kafin ya shiga gida.

Na leƙa ɗakin. Ƙofa a kulle, sakata na nan yadda na sa. A kan yashin akwai sawun takalmi, manya, sun fuskanci cikin gida. Babu na fita.

Na dawo na tsaya a gabanta. Inna ta gyara mayafi, ta rufe furfurarta kamar mai jin kunya.

"Ɗauko tsintsiya, 'yar nan. Ya sauka."

Na share tana zaune tana kallo. Yashin ya cika buhu. Ranar ta ci shinkafa har ta nemi ƙari, ta ce kofin nan na biyu in bar shi inda yake.

Ba ta ga sabon gida ba. Kafin a kwashe kaya ta kwanta barcin rana ba ta tashi ba. Da aka fita da ita, matar kafil ta ce yalla, maza in share bakin ƙofa, masu gaisuwa na tafe. Na ce to. Na kai tsintsiyar bayan tukunyar gas na ɓoye.

Washegari bayan azahar na zauna a kicin na kasa kunne. Jirgin ya yi kuka can nesa, wannan karon fita yake daga gari. Ban taɓa tsintsiyar ba sai da na daina jin sa.