Kunnen Hagun Daeng Sikki

Daeng Sikki mai gyaran komar kifi ne a wata unguwa ta bakin teku kusa da birnin Parepare, inda ake kiran mutum Daeng don girmamawa. Mutum ne mai tsare salla a sahun farko, mai ƙarancin magana, wanda Allah Ya halitta da fuskar da ba ta iya riƙe asiri. Shekara talatin da ɗoriya, duk bayan la'asar, yana zama a shagon Daeng Tompo wanzami tare da Ambo Dalle, tsohon malamin makaranta, su buga kartar da ake kira poka har a kira magariba.

Ba su taɓa sa ko kwabo ba, domin sun san hukuncin caca, ko da yake liman bai fasa yi musu nasiha kan ɓata lokaci ba. 'Ya'yan tsamiya suke zubawa. Kowa ya ɓoye kartarsa biyar, ya ƙara 'ya'yan tsamiya gwargwadon ƙarfin zuciyarsa, wanda ya tsorata ya ajiye. Wanda nasa suka ƙare, a ɗauko matsin da mata ke kama tufafi da shi a igiyar shanya, a maƙala masa a kunne, ya zauna da shi har a tashi.

Kunnen Daeng Sikki ne ya fi kowane sanin zafin matsin nan. Da zarar karta mai kyau ta zo hannunsa sai gefen leɓensa na hagu ya ɗaga, kowa ya ajiye. Idan mummuna ce kuwa ya yi niyyar tsorata su, sai ya hau haɗiyar yawu kamar wanda aka kama da kazar maƙwabci. Ambo Dalle ya ba shi shawara ya riƙa tuna surukarsa idan sarakuna, wato manyan karta, suka zo masa, sai ya zama duk ranar da ya ɓata rai an san sarakuna ne. Daeng Tompo ya yi masa alkawarin ba zai ƙara taɓa masa gashin baki ba har ya rufe leɓen. Wata rana ma Daeng Sikki ya zo da hular kwano ta masu babur, ya sauke gilashin.

"Daeng, ka manta da ƙafa," in ji Ambo Dalle. "Babban yatsanka ne ke rawa. Gobe ka zo cikin buhu."

Ya kan koma gida kunnuwa ja wur, matarsa Daeng Ngai ta tambaye shi ko dai shi kaɗai Allah Ya yi wa kunne a unguwar. Shi kuwa murmushi yake yi, domin a wurinsa wannan zafi shi ne shaidar cewa yana da wurin zama a cikin mutane.

Sai Allah Ya jarrabe shi da shanyewar ɓarin jiki. Wata huɗu yana kwance. Da ya tashi, hannun hagu ya mutu, rabin fuska ya zube, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta fama kafin ta fito. Ranar da Daeng Ngai ta rako shi shagon, abokan suka miƙe tsaye, abin da ba su taɓa yi masa ba. Suka ba shi kujerar aski mai laushi, suka kawo kwano cike da ɗanyar shinkafa aka soke masa kartarsa a ciki, tun da hannu ɗaya ba ya iya riƙewa da zuba 'ya'yan tsamiya.

Ran nan ya ci wasan. Washegari ma ya ci. Daeng Tompo ya ce da sun san maganin ke nan da tuni sun nemo masa, sa'an nan ya ji nauyin abin da ya faɗa, ya tashi ya tafi ƙaro gahawa. Daeng Sikki ya ɗauka gaskiya ne, cewa leɓen da ya tona masa asiri shekara talatin ya yi shiru, ya yi wa Allah godiya a zuci bisa ɗan alherin da ke cikin musiba.

A rana ta tara idonsa ya faɗa kan madubin aski da ke bayan Ambo Dalle. Sarakuna uku ya gani a hannun malamin. Ambo Dalle ya dube shi, ya girgiza kai, ya ce wannan fuska ta fi ƙarfinsa, ya kife kartar.

Daga nan Daeng Sikki ba ya neman komai sai a cinye shi, a maƙala masa matsin nan kamar da, ya tabbata har yanzu abokin wasa ne ba majinyacin da aka zo dubawa ba. Amma ashe faɗuwa ma sai da yardar mutane. Ya zuba 'ya'yan tsamiya a kan kartar banza, suka ajiye. Ya yi ƙoƙarin haɗiyar yawu irin ta da, Daeng Tompo ya ruga ya kawo masa ruwa. Ya so ya yi musu bayani, suka yi ta cewa na'am, na'am, alhali ba su ji ko harafi ba.

Ranar wata Laraba ya tura dukan 'ya'yan tsamiyarsa tsakiya, sa'an nan ya sa hannun dama ya ture kwanon. Shinkafa ta watse, karta biyar suka faɗi a buɗe, babu biyu masu kama da juna. Ba sauran hanyar da za a ce an tsorata. Ya ɗauki matsin, ya kasa kai shi inda yake so, ya ajiye shi a gaban Ambo Dalle.

"Kunne," ya ce, da ƙyar.

"Haba Daeng, yau dai a yafe."

"Kunne."

Ambo Dalle ya dubi wanzami, wanzami ya dubi ƙasa. Malamin ya tashi, ya tsaya a daman Daeng Sikki jim kaɗan, sa'an nan ya zagaya ta bayan kujera a hankali.

"Ka koma halinka ke nan," in ji shi. "Shekara talatin ina koya maka, ko a jikinka."

Suka yi dariya mai ƙarfi fiye da yadda maganar ta cancanta. Daeng Sikki ya zauna yana jiran zafin, bai zo ba. Da ya ɗaga ido ga madubi sai ya ga matsin yana lilo a kunnensa na hagu, ɓangaren da ko allura aka soka ba ya ji. Ya san sun yi hakan ne domin ƙauna, kuma ba shi da harshen da zai ce musu su mayar da shi ɗaya kunnen. Daeng Tompo ya durƙusa yana tsince shinkafa, Ambo Dalle ya sake raba karta, shi kuma ya zauna yana kallon matsin a madubi har aka kira magariba.