Haggai da Ƙararrawarsa

Haggai ɗana ne, shi ya sa nake da bakin faɗa. A gonar dawa a Ribah na raine shi. Da ya motsa a bayana nake ajiye fartanya in ba shi nono, ko a tsakiyar kunya nake. Yau shi ne malamin makaranta a Zuru, littafi har kan gado.

Iri biyu yake karantawa: labaran duniya bayan ta lalace, da littattafan koya wa mutum renon ɗansa. Kamar kafin a yi takarda akuya ce ke renon mu!

Da matarsa Keziah ta haifi Saloma, sai ya ce littafi ya ce nono sai bayan awa uku. Ya sa ƙararrawa a waya. Jaririya na tsala kuka, uwa na zaune rigarta ta jiƙe da nono, tana kallon waya. Wata guda, wuyan yarinya ya koma kamar karan dawa. Na yi magana, ya ce, "Inna, zamani ya canza."

Ran Asabar na iske shi ƙarƙashin mangwaro da littafi a hannu, yana huci, ido jajur. Na ce wa ya mutu?

"Inna, wata ƙasa ce a labarin nan. Ba mai cin abinci sai hukuma ta kaɗa ƙarfe. Ko yunwa za ta kashe ka! Wannan wane irin zalunci ne?"

A ɗaki kuwa Saloma har muryarta ta dushe.

Keziah ta kawo masa tuwon dawa da miyar kuka, ya wanke hannu. Na ɗauke kwanon na ɗora a cinyata.

"Inna, lafiya?"

"Ba a kaɗa ƙarfe ba, Malam. Yau ni ce hukuma. Awa uku."

"Tun safe fa ban ci komai ba!"

"Kai da ke da bakin faɗa ke nan. Mutanen takarda kake wa hawaye, ɗiyarka na bayan ƙyaure. Keziah, ɗauko min jikata!"

Ta kalli mijinta. Shi kuma ya kalli kwano, ya kalli ƙofar ɗaki. Sannan ya zaro wayar ya kashe ƙararrawar.

Sai da Saloma ta ƙoshi ta saki nono da kanta na miƙa masa tuwonsa. Tuwon ya riga ya huce. Haka ya ci shi.