Dutsen Malbaza da Ya Ƙi Mantawa

Jama'a, ni ba mutumin tatsuniya ba ne. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina aiki da ma'auni, abin da na'ura ba ta nuna mini ba ba na sa masa hannu. Amma wannan da zan ba ku, wallahi tallahi a kaina ya faru, lokacin da nake neman digirin dakta, ina kai da komo tsakanin labo, wato ɗakin bincikenmu na Yamai, da ramukan haƙar dutsen jibis na wajen Malbaza.

Bari in gaya muku aikin nawa a taƙaice, don kar in ɓatar da ku. Akwai duwatsun da Allah ya yi su da riƙo. In hasken nan na hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti, wanda muke ce wa radiyo, ya ratsa su, sai su ɓoye shi a cikinsu, ran da ka gasa su a na'ura sai su amayo shi, su yi wani ɗan walƙiya da ido ba ya gani amma na'ura tana ƙidayawa. Da irinsu ake yin ɗan bajon da ma'aikatan radiyo ke maƙalawa a ƙirji, don a san yawan abin da ya shiga jikinsu kafin ya yi musu illa. Ka'idar ɗaya ce: in ka gasa dutse sau ɗaya ya zubar da abin da ya riƙe, ya manta ke nan, gashi na biyu sifili za ka gani.

To bajon nan daga waje ake sayo shi, kuma ba ya isowa garuruwa irin namu. Yayata Rakiya, wadda ta riƙe ni tun ina ƙaramin ɗan makarantar lakwal a Illela, ta shekara goma sha wani abu tana aiki a ɗakin radiyo ba ta taɓa maƙala shi ba, abin yana ci mini rai. Shi ya sa na ɗaura niyyar sai na yi shi da jibis ɗinmu na gida, dutsen nan mai ƙyalli kamar gilashi da mata ke haƙowa suna sayar wa masu siminti. Abokan karatuna har suna suka laƙaba mini, wai Dakta Tsakuwa. Ban damu ba, don a lokacin kaina ya fi buhun gero girma.

Wata rana bayan kaka na je wani ƙauye a gefen Dogarawa, na tarar mata za su buɗe sabon rami. Shugabarsu wata tsohuwa ce, Inna Hajo, ƴar siririya, ba ta da yawan magana. Suna isa ga jibis, dunƙulen farko da ya fito, ban taɓa ganin mai tsabta irinsa ba, tas kamar ƙanƙara. Na miƙa hannu, sai Inna Hajo ta riga ni, ta kai shi bakin ramin ta gabas ta binne.

Na ce, "Inna, wannan nake so, ki sayar mini."

Ta ce, "Ɗana, na hwarko ba a ɗaukar shi, na mai wuri ne. Haka munka iske ana yi. Ɗebi duk wanda kaka so cikin sauran."

Na yi murmushin nan na ɗan boko, na ce to. Da rana ta take suka tafi gindin wata bishiyar bedi yin sallah da shan fura, ni kuwa, Allah ya yafe mini, na lallaɓa na tone shi, na jefa a baƙar leda, na sa wani a gurbinsa na rufe. Har ina yaba wa kaina wayo a cikin motar Konni.

Da na koma Yamai na ɓantari kaɗan na niƙa, na wanke, na haɗa shi yadda ake haɗawa, na haska masa radiyo, na gasa. Kai, ku zo ku ga haske! Layin na'ura ya miƙe sama, ya fi na bajon waje da muke gwaji da shi. Na tashi na yi rawa ni kaɗai a ɗaki. Sai na sake gasa garin don in tabbatar ya koma sifili, layi ya sake miƙewa daidai inda ya tsaya da farko. Na sake, haka. Na bar shi ya kwana uku na sake, ko gezau.

Na ce na'ura ce ta lalace, na gwada ta da bajon waje, lafiyarta lau. Na ce to dutsen ne da kansa yake fitar da gubar radiyo, na kara masa ma'aunin da ke ƙara in ya ji irin wannan, shiru kake ji. Abin bai tsaya nan ba. Sauran samfurorina da na tara shekara biyu, waɗanda na gasa na wanke su tas, duk wanda ya zauna akwati ɗaya da shi sai ya wayi gari cike da haske, kamar an kai shi ɗakin radiyo an dawo da shi. Na raba musu akwati, na raba musu ɗaki, har cikin tukunyar darma da radiyo ba ya ratsawa na kulle shi, bai hana ba. Aikina gaba ɗaya ya dagule, babu lamba ɗaya da zan iya nuna wa mutum.

Malamina, wani dattijon farfesa mai haƙuri, ya kira ni buro, wato ofishinsa. Ya ce ya ba ni wata guda, in ban kawo sakamako mai tsabta ba zai rufe binciken, in nemi wani abin yi. Ban ga laifinsa ba. Na fito ina jin hawaye, don na riga na yi wa Yaya Rakiya alkawari da bakina cewa sai na maƙala mata bajo.

Sati biyu na ƙara ina taurin kai, ina sake lissafi, ina ramewa. Ran nan dai na kwashe dunƙulen da garinsa duka, na zuba a leda, na kama hanya ba tare da na gaya wa kowa ba. Mota zuwa Konni, wata zuwa Malbaza, kabu-kabu zuwa ƙauyen. Na iske Inna Hajo a bakin rami tana tsince dutse, ban ko gama sallama ba, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ka maido shi? Aje shi inda ka ɗauke shi, da hannunka."

Na durƙusa a gaban matan nan, da wandona na ɗan birni, na tona na binne, suna ta dariya ƙasa-ƙasa. Wata ta ce, "Ashe malamin boko ma ya iya haƙa." Kunya kamar in nutse. Inna Hajo ba ta yi mini faɗa ba, ta dai sauka ramin da kanta ta ɗebo mini cikin ƙwarya, ta ce in tafi Allah ya ba da sa'a.

Jama'a, abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai na ji daɗi ya rufe ni. Na haɗa sabon dutsen, na haska masa radiyo, na gasa, haske ya tashi. Na sake gasawa, sifili. Sifili tas, ban taɓa son wata lamba a duniya kamar wannan ba. Tsofaffin samfurorin ma duk suka dawo hayyacinsu. Kwana goma na yi ina aiki kamar mahaukaci, na kai wa farfesa takardu ana saura kwana biyu wa'adi ya cika. Ya duba, ya cire tabarau, ya sake dubawa, ya miƙe tsaye ya ba ni hannu, abin da bai taɓa yi wa ɗalibi ba. Ran da na kare digirina, masu ce mini Dakta Tsakuwa su ne a sahun gaba suna tafi, sunan kuma ya bi ni, yanzu da alfahari nake amsa shi. Bajon farko da muka haɗa, ni da kaina na je Illela na maƙala wa Yaya Rakiya a farar rigarta. Ta shafa shi ta ce, "Auta, wanga ƙasarmu ce?" Na ce ita ce, Yaya. Muka yi kuka mu biyu a gaban marasa lafiya. Daga nan aiki ya buɗe, na yi ɗalibai, na je ƙasashe ina bayani a kan dutsen Malbaza.

Bayan shekara na koma yi wa Inna Hajo godiya, da turmin atamfa da goro. Ta karɓa ta sa albarka, har na juya zan tafi sai ta ce, "Amma ka wahal da shi, ɗana. Sau goma sha bakwai kas sa shi wuta."

Na yi dariya na ce a raina tsohuwa ta yi kure, don ni mutum ne mai rubuta komai, kuma na san sha shida ne. Da na isa gida na buɗe littafin aikina na ƙirga, sha shida cif. Ina rufe littafin sai na tuna. Akwai wata Juma'a da kowa ya tafi masallaci, na kulle ƙofa na ƙure wutar na'ura fiye da yadda aka yarda mana, don haushi, in ƙone shi kowa ya huta. Ban rubuta ba saboda tsoron farfesa, ban kuma taɓa gaya wa ɗan Adam ba sai yau da nake gaya muku.

Inna Hajo ta rasu ban tambaye ta ba, kuma gaskiya ko tana da rai ba na jin zan iya. Na san abin da ke sa dutse haske, ina koyar da shi, amma wannan ban san shi ba. Ku dai masu zuwa ƙauye da jaka da ma'auni, in kun tarar mutanen wuri sun ce wannan ba a taɓawa, ku bar shi inda yake, ku ɗebi sauran. Ni har gobe in na kai ɗalibaina sabon rami, da hannuna nake binne na farko, kuma ba na juya masa baya sai na yi nisa.