Gawayin da Kaka Ta Ajiye wa Bulus

A gidanmu na Samaru, ba a fara tatsuniya sai Kaka Saratu ta sauke kaskon ƙosai. Da yamma take suya a ƙofar gida, 'yan jami'a masu haya a layinmu su kewaye ta, wannan ya ce a ƙara yaji, wancan ya ce a haɗa masa da doya. In ƙullu ya ƙare sai mu kwashe garwashin a tsohon kwano mu shiga da shi tsakar gida. Kaka ta kife turmi ta zauna, ta ce mu matso wuta ta kwanta. Da haka take buɗe tatsuniyarta.

Ina aji huɗu aka kawo mana Bulus, ɗan Goggo Lami, ƙanwar babana. Goggo ta yi doguwar jinya a asibitin Shika, daga can aka wuce da gawarta ƙauye. Bulus bai fi shekara bakwai ba, kuma tun ranar jana'izar ya daina magana. Yana ji, yana zuwa aike, yana cin abinci, amma baki a rufe. Fasto ya yi addu'a, likita ya duba ya ce harshensa lafiya lau.

Zane kawai yake yi. Makarantarmu kuwa ba a koyar da zane, don haka ranar da malaminsu ya ga bayan littafin lissafinsa cike da kaji da kekuna, sai ya zane shi da bulala a gaban aji, wai ɓarnar takarda. Babana ma bayan malamin ya bi. Daga nan Bulus ya bar zanen, sai ya zauna jikin bango yana kallon ƙafafunsa. Har aka fara shawarar a mayar da shi ƙauye wurin dangin ubansa, inda muka san noma zai shiga, ba aji ba.

A makon ne Kaka ta ba mu labarin wata yarinya da kogi ya tafi da uwarta. Yarinyar ta bi gaɓa har ta kai inda kogin ke kwana, ta ce ya ba ta uwarta. Kogi ya ce mata da yawa ne a wurinsa, ta faɗi kamannin tata. Ta ce doguwa ce, baƙa, mai kirki. Kogi ya ce duk wanda ya zo haka yake faɗa. Ta ce ta iya miyar kuka. Kogi ya ce rabinsu sun iya. Magana ta ƙare wa yarinyar, sai ta tsuguna ta ɗauki tsinke ta fara zane a kan yashi.

Nan Kaka ta tsaya.

"Ni dai na manta kamannin matar nan," ta ce. "Tsufa ya cinye mini wurin."

Ta zaro gawayin da ya huce daga bakin kwano, ta ajiye kusa da ƙafar Bulus, ba ta ko dube shi ba. Muka fara rige-rigen mu za mu zana, ta ɗaga mana hannu muka yi shiru. An jima kafin ya ɗauka. A hasken garwashi muka ga fuska tana fitowa a kan siminti: ɗaurin kallabi ya karkata hagu, ga wushirya, ga ɗan tabo a gefen gira. Babana ya fito daga ɗaki ya tsaya a kanmu, ya duba, ya koma ciki.

Kaka ta sunkuya ta daɗe tana kallon 'yarta.

"Maigida, ka cika mata hanci. Hancin Lami bai kai haka ba."

"Ya kai," in ji Bulus, da wata murya a dishe.

"Ni fa na haife ta."

"Ya kai, Kaka."

Sai kuka ya ƙwace masa, ta jawo shi jikinta. Ranar ba a ƙarasa tatsuniyar ba. Da na tambaye ta daga baya, ta ce kogi bai mayar da uwar ba, amma yarinyar ta koma gida da sanin cewa fuskar na nan tare da ita.

Washegari Kaka ta je makaranta, zaninta na ƙaurin man suya. Malamin ya ce babu zane a tsarin darussa, kuma ba shi ya tsara ba. Iyakar abin da ta samu shi ne alkawarin ba zai sake dukansa a kai ba. Maganar ƙauye dai ta mutu. Yau Bulus walda yake yi a Chikaji, da alli yake fara fitar da ƙofa a ƙasa kafin ya taɓa ƙarfe.

Ni kuma koyarwa nake yi a wata firamare a Sabon Gari, kuma har yanzu babu darasin zane. Ran Juma'a kafin tashi nakan raba wa yara bayan tsohuwar kalanda da kwalayen da masu shago ke ba ni. Shugabar makaranta kawar da kai take yi. Wani uba ya taɓa tare ni a bakin ƙofa ya ce ba zanen kaji ya turo ɗansa koya ba.

Na daɗe ina zaton baiwar Bulus Kaka ta gano. Sai da na tsaya gaban aji na fahimci ba ta yabi zanen ba ko da kalma ɗaya. Kallonsa ta yi da gaske, har ta samu abin yin gardama a ciki. Shi ya sa in yaro ya kawo mini nasa, ba na cewa ya yi kyau in wuce. Tambaya nake yi.

Makon jiya wata yarinya mai suna Ngozi ta zana gida, kowa na ciki, sai mutum ɗaya a waje riƙe da jaka. Na ce wane ne wannan? Ta ce babanta ne. Na ce shigowa yake ko fita?

"Ban sani ba tukuna, Malama," ta ce.

Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka watse. Na jawo benci na zauna kusa da ita.